Madubin Zafi: A Auna Shi da Ƙafa Kafin a Biya Kuɗi



Ɓarnar rana tana da sauƙi, don ido na ganinta, hannu na korar ta. Ɓarnar dare ita ce mai ciwo. Mutum ya kwanta da awaki goma sha biyu, ya tashi da goma sha ɗaya, babu komi sai sawun dila a bakin darni. Mai shinkafa a gaɓar kogin Isa ya bar gonarshi kore shar da magariba, da safe ya iske dorina ta yi kiwo ta koma ruwa. Mai wake a yankin Kure ya gama wahalar damana, raƙumin dawa ya biyo dare ya raba amfanin da shi.

Yanzu labarin wani sabon kayan aiki ya fara iso mu. Samari na nuna hotunanshi cikin talho. Madubi ne na ido ɗaya, girmanshi kamar tocila, ana ce yana nuna dabba cikin baƙin duhu daga nesa. Da Faransanci ana kiran shi kamera termik. Mu za mu ce mashi madubin zafi. Mafarautan ƙasashen Turai da Amurka su suka fi sayen shi. A Kenya kuma, tun 2016, masu gadin gandun dajin Masai Mara suna aiki da shi don tare masu farautar sata.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: shin ya dace da mu? In ya dace, wane iri za a zaɓa?

Ga ra'ayina tun daga farko. Madubin nan gaskiya ne, yana aiki. Amma lambar nisan da aka rubuta a jikin kwalinshi ba ita za ta tsare maka garke ba. Abin da ya shafe ka shi ne nisan da za ka iya cewa wancan dila ne, wancan akuya ce, wancan kuwa mutum ne. Wanda ya saya don babbar lamba ya yi asarar kuɗi. Wanda ya haɗa shi da bindiga yana iya asarar abin da ya fi kuɗi.

Ƙaƙa yake aiki?

Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wani irin haske wanda idon mutum ba ya gani. Kun san shi ba tare da kun san sunanshi ba. In ka kusanci murhu bayan wuta ta mutu, fuskarka tana jin zafi ko da ba ka ga garwashi ba. Wani masanin taurari a Ingila, Wiliyam Hershel, shi ya gano wannan ɓoyayyen haske a shekarar 1800, da ma'aunin zafi.

Madubin zafi wannan hasken yake kamawa. Ba ya bukatar wata, ba ya bukatar tocila, kuma ba ya haska komi balle dabba ta gan ka. A cikinshi akwai wani ɗan allo, bai kai farcen yatsa ba. Ku ɗauke shi kamar filin dara. Dara tana da gida 30. Shi wannan allo gidajenshi dubbai ne, kowane gida yana auna zafin ɗan wurin da ke gabanshi. Gida ɗaya shi ne ɗigo ɗaya na hoto. Abin da ya fi zafi ya fito fari, abin da ya fi sanyi ya fito baƙi. Saboda haka ba launi kake gani ba, ba fuska ba. Bambancin zafi kawai kake gani.

Ku riƙe wannan magana da kyau, don duk sauran bayani daga gare ta ya fito.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne

A jikin kwali za ka ga an rubuta mita 1,200, ko mita 1,800. Mai sayarwa zai ɗora yatsa a kan lambar, ya ce maka kusan kilomita biyu. Bai yi ƙarya ba, amma bai gama magana ba.

Gani iri uku ne. Na farko hange: ka ga ɗan farin tabo, ka san akwai wani abu mai zafi can. Na biyu ganewa: ka raba mutum da dabba, ka raba saniya da jaki. Na uku tabbatarwa: ka san wannan dila ne ba karen gida ba, ka san mutumin nan sanda ya riƙe ko bindiga.

Wani masani na sojan Amurka, Jon Jonson, ya auna wannan al'amari a 1958, kuma har yau da lissafinshi ake aiki. Don hange, ya isa abu ya cika ɗigo 2. Don ganewa, sai ya cika kamar ɗigo 8. Don tabbatarwa, sai wajen ɗigo 13. Lambar kwali ta hange ce kawai.

To, ku ɗauko alkalami, kamar yadda kuka saba a makarantar yaƙi da jahilci. An rubuta mita 1,200. Ku raba huɗu: 300. Nan ne ganewa. Ku raba shida: 200. Nan ne tabbatarwa. Ka ga kilomita ta koma faɗin gona biyu ko uku.

Ba a nan ya tsaya ba. Masu ƙera madubin sukan yi awonsu da abu mai tsawon mutum a tsaye, wato mita 1.7 ko 1.8. Dila kuwa tsayinshi daga ƙasa zuwa kafaɗa kamar santimita 40 ne. A madubi matsakaici, in abu yana nisan mita 300, ɗigo ɗaya yana rufe kamar santimita 14, bai kai taƙi guda ba. Mutum zai cika ɗigo 12 a tsaye. Dila ba zai wuce ɗigo 3 ba. Da ɗigo 3 wa zai rantse dila ne? Yana iya zama ɗan akuya da ya ɓata. Yana iya zama karen maƙwabci. Yana iya zama yaro da ya tsuguna. Kafin ka raba dila da kare da siffa, sai ya matso ƙasa da mita 100.

Wanda ya daɗe yana aiki da madubin yakan gane dabba da tafiyarta: sanɗar dila daban, ɗingishin kura daban, kiwon tunkiya daban. Amma wannan sani ne na makiyayi, ba a sayar da shi cikin kwali.

Ƙasarmu ba Turai ba ce

Hotunan da kuke gani cikin talho, inda barewa ta fito fari fat kamar an zana ta da alli, yawancinsu a ƙasashen sanyi aka ɗauke su. Can ƙasa tana da sanyi, dabba tana da ɗumi, bambanci ya yi yawa, hoto ya yi kyau.

Mu fa? A watan Afrilu da Mayu zafin iska yana kai digiri 45 a Tawa ko Birnin Ƙonni. Rairayi da tsakar rana yana wuce digiri 60. Jikin mutum digiri 37 ne, na akuya wajen 39, fata da gashi kuma ba su kai haka ba. Ke nan da rana ƙasa ta fi dabba zafi. Bayan faɗuwar rana ƙasa tana hucewa sannu a hankali, har a kai wani lokaci da zafinta da na dabba suka zo ɗaya. A wannan lokaci madubi kusan makaho ne. Hoto ya yi toka-toka, akuya ta ɓace cikin rairayi. Kuma dutse, da suri, da katangar laka, da kututture suna riƙe zafin rana har tsakar dare. Sai su fito fari kamar dabba a kwance. Mai gadi ya tashi gari saboda suri.

Lokacin da madubin ya fi aiki a wurinmu shi ne lokacin ɗari, Disamba da Janairu, da kuma daga tsakar dare zuwa asuba a kowane wata. Wannan ya yi wa masu noman rani daɗi, don lokacin ne garka ke cike da albasa da kabeji da dankali. Da damana kuwa, in iska ta yi nauyi da laima, ko bayan ruwa ya jiƙa komi ya mai da zafinshi ɗaya, hoto yana raguwa.

Akwai kuma abubuwan da ba ya yi ko kaɗan. Ba ya ratsa katanga. Ba ya ratsa gilashin mota. Ba ya ratsa ruwa: dorina da ta nutse ba za ka gan ta ba, sai ta ɗago kai ko ta fito kiwo. Ba ya ratsa hatsi in ya yi tsawo ya rufe, don haka a watan Agusta da Satumba gadu yana iya kasancewa tsakiyar gona ba ka sani ba. Maciji da kada zafin jikinsu yana bin na wurin da suke, ba su fitowa sosai. Kada kowa ya dogara da shi ya shiga ciyawa ba takalmi. Hayaƙi da hazon hunturu mara kauri dai yana ratsa su fiye da ido.

Abubuwa shida da za a duba

Na ɗaya, yawan ɗigo. Za ku ga lamba biyu da alamar sau a tsakaninsu. 160 sau 120 ya ba da ɗigo 19,200. Wannan ya yi kaɗan, ku bar shi. 256 sau 192 ya ba da 49,152. Ya isa gadin turke ko garka, inda ba a bukatar ganewa fiye da mita 100 ko 150. 384 sau 288 ya ba da 110,592. Wannan shi ne tsaka-tsaki, shi na fi so ga ƙungiyar gari. 640 sau 512 ya ba da 327,680. Hotonshi ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma kuɗinshi na ma'aikata ne da masu gadin gandun daji. Ku lura: lambar allon ciki ake nufi. Akwai wata lamba babba ta ɗan talabijin ɗin da ido ke kallo, wasu ƴan kasuwa ita suke nunawa. Ba ita ba ce.

Na biyu, idon gaba. Ba gilashi ba ne, don gilashi yana tare zafi. Da wani ƙarfe mai tsada ake yin shi, sunanshi jamaniyom, shi ya sa babban ido ke ƙara kuɗi. Ana rubuta lambarshi da milimita: 19, 25, 35, 50. In lamba ta ƙaru, nisa ya ƙaru, faɗi ya ragu. A madubi mai 384 sau 288 irin wanda ya fi yawa yanzu, in ka dubi nisan mita 100, ido mai 19 yana nuna maka faɗin mita 24. Mai 25 yana nuna mita 18. Mai 35 mita 13. Mai 50 kuwa mita 9 kacal. Hekta ɗaya faɗinta mita 100 ne. Da mai 19, kallo huɗu ka share bakinta. Da mai 50, sai kallo goma sha ɗaya, kamar mai leƙen duniya ta cikin kara. Kafin ka juyo, dila ya shige ta gefe. Mai gadin gona faɗi yake bukata. Ya ɗauki 19 ko 25. Mai 35 na wanda ke duban fili ne mai nisa, kamar saman gaɓar kogi ko filayen kiwo na arewa.

Na uku, kaifin jin zafi. Ana rubuta lamba da haruffa mK a bayanta, kamar 50 mK, 35 mK, 25 mK. A nan ƙaramar lamba ita ta fi kyau, don tana nufin madubi yana jin bambancin zafi ko da ƙanƙani ne. A ƙasar sanyi mutum yana iya sakaci da wannan. A ƙasarmu, inda rairayi da dabba ke zuwa ɗaya, shi ne kan gaba. Ku nemi 35 ko ƙasa da haka. Gara ido ƙarami mai kaifi da babban ido mai dishi-dishi.

Na huɗu, saurin hoto. Lamba ce da haruffa Hz. Tana nufin hoto nawa cikin daƙiƙa ɗaya. Mai 9 yana tsalle-tsalle, dabba mai gudu ta ɓace maka. Mai 25 ya isa. Mai 50 ya fi daɗin ido.

Na biyar, wuta. Daga isha'i zuwa asuba awa tara ne ko kusa. Ku tambaya awa nawa batir yake yi, ku rage kaɗan daga abin da aka faɗa. Wanda ake cire batirinshi ya fi wanda aka liƙe a ciki, don zafi yana saurin kashe batir, kuma ran da na liƙe ya mutu madubi ya zama dutse. Akwai masu aiki da batir mai lamba 18650, irin wanda ke cikin wasu tocilolin caji. Shi ya fi sauƙin samu. Ku tabbata kuma ana iya cajin shi da farantin hasken rana irin na talho.

Na shida, ƙura. Ku nemi alamar IP67. Lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga. Lamba 7 tana nufin ko ya faɗa ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa ba ya lalacewa.

Abu ɗaya da ba za ku biya kuɗi dominshi ba shi ne alkawarin ƙara girma sau huɗu ko sau takwas da maɓalli. Wannan ba ya ƙara ɗigo ko ɗaya. Yana kumbura waɗanda ke akwai ne kawai. Ɗigo 3 in an kumbura su, ɗigo 3 ne manya.

Game da suna, waɗanda aka sani su ne Pulsar na ƙasar Lituwaniya, da Hikmicro da InfiRay na ƙasar Sin, da FLIR na Amurka. Ban ce ku bi suna ba. Ku bi lambobin nan shida, ku tambaya wa zai gyara in ya lalace, ku karɓi takardar lamuni a rubuce.

Ba a cinikin biri a sama

Akwai wani madubin dare mai araha wanda ba na zafi ba ne. Kamera ce da ƴar fitila ɓoyayya. Yana nuna abin da fitilar ta kai gare shi kawai, kusa-kusa. Ana iya sayar maka da shi da sunan na zafi. Ga yadda za ku gane, ko a tsakiyar kasuwa.

Ka ɗora tafin hannunka a bango mai inuwa, ka ƙirga goma, ka ɗauke. Madubin zafi na gaskiya zai nuna sawun hannunka fari a bango. Ko ka ajiye buta biyu iri ɗaya, guda da ruwan zafi, guda da ruwan randa. Na gaskiya zai raba su nan take. Ko ka sa mutum ya tsaya bayan gilashin mota. In ka gan shi sarai, ba na zafi ba ne.

Gwaji na biyu shi ne babba, kuma a gona ake yin shi, da dare, ba a kanti ba. A auna mita 100, 200, 300 da igiya ko da taku, a kafa turke. A ɗaure akuya a wani wuri, kare a wani wuri, mutum ɗaya ya tsaya, wani ya tsuguna. Wanda ke riƙe da madubi kada ya san inda aka ajiye kowa. Sai ya faɗi abin da yake gani. A yi sau ɗaya bayan isha'i, a sake yi kafin asuba. Inda ya fara kuskure, nan ne iyakar madubin a ƙasarku. A rubuta wannan nisa cikin littafin ƙungiya. Mai sayarwa da ya ƙi wannan gwaji ya riga ya ba ku amsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wa ke bukatarshi?

Kuɗin ba wasa ba ne. A kasuwannin Turai ƙananan suna farawa wajen jika 300. Matsakaita suna kamawa daga jika 500 zuwa miliyan guda. Manya sun haura haka. Ba a sa kuɗin ɗauko da na duwan ba. Wani zai ce: da wannan kuɗi ai gara a sayi waya a kewaye garka, ko a haƙa rijiya. Yawancin lokaci gaskiyarshi. In ɓarnarka ta jan baki ce, ko biri, ko fara, ko ɓera, madubin zafi ba maganinka ba ne. In dila ke ɗaukar maka ƴan awaki, fara da darni mai tsawo mai ƙaya, da kare nagari, da kwana kusa da turke. Waɗannan ba su cin batir.

Inda na ga ya cancanta shi ne inda dabba babba ce, mai haɗari ce, kuma doka ta hana kashe ta.

Ku dubi dorina. Da rana tana cikin ruwa, da dare take fitowa, tana cin ciyawa wajen kilo 40 kafin gari ya waye. Mai gadin shinkafa da ya ci karo da ita cikin duhu, tsakaninta da ruwa, ranshi na cikin haɗari. A 2017 rikicin mutane da dorina ya yi tsanani a yankin Ayoru, aka kashe fiye da 20, kuma a shekarar ce gwamnati ta keɓe masu wurin zama a kogi. Dorina a tudu babba ce, madubi matsakaici yana nuna ta tun daga nesa. Mai gadi ya san inda take, ya san inda ba zai bi ba, ya tashi jama'a a buga gwangwani a kunna wuta tun ba ta shiga gona ba.

Ku dubi raƙumin dawa. A 1996 guda 49 suka rage a ƙasar nan, kuma su ne na ƙarshen irinsu a duniya duka. Da kulawa suka haura 600. A 2018 aka ɗauki 8 daga yankin Kure aka kai su gandun Gadabeji, cikin jihar Maradi. Dukiyar ƙasa ce. Amma wake da mangwaron talaka ma dukiya ne. In an hango shi tun yana tafe, a kore shi cikin lalama, an tsare wake, an tsare raƙumi.

A irin waɗannan wurare, a saya a ƙungiyance. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Madubi ɗaya ya isa gonaki da yawa in an kafa rumfa mai tsawo ko an hau tudu. A zaɓi mutum biyu ko uku masu amana su koyi aikinshi. Gadi kuma a yi shi mutum biyu, don idon da ya kalli madubi yana ɗaukar lokaci kafin ya sake sabawa da duhu. A rubuta wanda ya karɓa da wanda ya maido. A tara ɗan kuɗi kowane wata don batir. Kada a nuna shi ga rana, yana ƙona allon ciki. Kada a bar shi cikin zafi. Kada a goge idonshi da bakin riga, rairayi yana karce shi. A hure ƙura tukuna, a shafa da ƙyalle mai laushi, a rufe.

Madubi daban, bindiga daban

Yanzu ga maganar da ta fi duka nauyi.

Wani zai ce: tun da na ga ɓarawon gonata cikin duhu, mi zai hana in harbe shi? Abin da zai hana ka shi ne ba ka san abin da ka gani ba. Farin tabo ne. Makiyayi da ke neman saniyarshi da ta ɓata, farin tabo ne. Mace da ta yi sammakon itace, farin tabo ne. Ɗanka da ya biyo ka da ruwan sha, farin tabo ne. Tocila ko ba komi tana nuna fuska. Madubin zafi ba ya nunawa. Yana sa mutum ya ji kamar ya gani, alhali hange kawai ya yi. Mun san yadda ƙaramar ɓarna ke zama babbar fitina tsakanin manomi da makiyayi. Harsashi ɗaya cikin dare yana iya kunna wutar da sarakuna da hukuma za su shekara suna kashewa.

Ban da haka, dokar farauta da kare namun daji ta ƙasarmu, wadda aka sa wa hannu ran 29 ga Afrilu 1998, ta hana farautar dare, da fitila ko babu fitila. In madubin nan ya faɗa hannun masu farautar sata, ƴan barewar da suka rage mana ba za su daɗe ba, don duhu shi ne mafakarsu ta ƙarshe. Don haka ƙa'idar ƙungiya ta farko ta zama wannan: wanda ya riƙe madubi ba ya riƙe bindiga. A ƙi irin wanda ake ɗaurawa a kan bindiga, ko da kyauta ne.

Sannan ku tuna halin tsaro. Kayan ganin dare kaya ne da sojoji ke aiki da su. Mutumin da aka iske da shi cikin daji tsakar dare, ba takarda, zai sha tambaya. Kafin ku fitar da ko dala, ku je wurin hakimi, da magajin gari, da ma'aikatan gandun daji, da jandarma. Ku faɗi abin da kuke so ku saya da dalili. In sun yarda, a rubuta, a rubuta lambar madubin da sunan masu riƙo. In sun ce a dakata, a dakata.

A taƙaice

In ɓarnarku ƙarama ce, ku gyara darni, ku ajiye kuɗinku. In dorina ce ko raƙumin dawa ko kura, kuma ƙungiya na da hali, ku nemi mai 384 sau 288, ido 19 ko 25, kaifi 35 mK ko ƙasa, batir na cirewa, alamar IP67. Lambar kwali ku raba ta huɗu. Ku gwada da akuya da kare da mutum a gonarku. Ku sanar da hukuma. Ku gani, ku yi kururuwa, ku kora. Kada ku harba.

Ku da kuka iya karatu, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. Ku tattauna a dandali da wurin sauraren rediyo. Wanda ke da wata dabara ta gadin dare da ta yi mashi anfani, ya rubuto, mu buga ta kowa ya ƙaru.

Allah ya tsare mana gonakinmu da bisashenmu.

Naku, malamin gona.